Gansakuka da Ciyawar Kan Soro

Abin da nake so mu duba a wannan karo ba shi da nisa, yana nan bisa kawunanmu. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta wuce Shagari a watan Agusta, in ya ɗaga kai ya dubi gidajen da ke gefen hanya, zai ga soraye da yawa sun yi kore shar kamar an shuka musu alkama. Baƙo yakan ce abin ya yi kyau. Magini kuwa in ya gani sai ya girgiza kai, don ya san ɗakin da ke ƙarƙashin wannan koren ya kamu da ciwo, ga shi kuma akwai masu kwana a ciki.

Garuruwanmu ba jiya suka fara ginin ƙasa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, nan cikin ƙasar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga ita kanta. Tun kafin wannan zamani mutanenmu ke rufe ɗaki da azara da ƙasa. Yau kwano ya yawaita, gaskiya ne, amma ka shiga Sifawa ko Dingyaɗi ko Kajiji ka ƙirga, za ka tarar da gidaje masu yawa da soro ɗaya ko biyu a ciki. Da yawa daga cikinmu a irinsu aka haife mu. Tsofaffi ma ba su yarda su bar su, domin a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin kwano tanda ne, soro kuwa yana da sanyi har la'asar.

To, mene ne wannan koren? Ba abu ɗaya ba ne. Akwai gansakuka, wadda malaminmu na kimiyya ya nuna mana cewa sunan ya haɗa halittu iri biyu. Ɗaya ita ce mai santsi wadda muke gani a kududdufi da gindin randa, ɗayar kuma mai laushi ce kamar karan-miski, tana lafewa a jikin ƙasa ko bango. Dukansu ba su da saiwa ta ainihi, ba su fure, ba su 'ya'ya. Suna yaɗuwa ne ta wasu ƙwayoyi ƙanana kamar ƙura waɗanda iska ke ɗauka. Abin da suke bukata danshi ne da inuwa kawai. Da rani sukan bushe su yi baƙi, ka ce sun mutu, amma da ruwan farko ya taɓa su sai su farfaɗo.

Sai ciyawa, wadda ita ce ta fi yawa a wurinmu: harkiya, burburwa, guɗe-guɗe, ƙarangiya, tafasa, wani lokaci har gero da dawa. Mutum zai ce, wa ya kai irinsu can sama? Iska ta kai wasu, tsuntsaye sun kai wasu, sauran kuwa mu muka kai da hannunmu. Ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa da kashin jaki don yaɓe tana ɗauke da iri a cikinta. Haka kuma shanyar da iyayenmu mata ke sa mu yi a kan soro da kaka, ta kuɓewa da barkono da hatsi, ba ta sauka duka, kullum sai wasu ƙwayoyi sun maƙale a tsaga suna jiran damina. Mafi sharri duka shi ne ɗan itace, kamar ceɗiya ko durumi ko dogon yaro, wanda jemage ko tsuntsu ya yar da irinsa. Wannan in ya kama bango ya shekara biyu, sai dai a fasa bangon a fitar da shi.

Kafin mu gane ɓarnar da suke yi, sai mun tuna yadda rufin yake. Magini yana jera azara, watau gangar giginya da aka tsaga, daga bango zuwa bango. Ya shimfiɗa zana ko kara a kai, ya zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya daɓe ta, ya ɗan karkata ta wajen indararo, sa'an nan ya yi yaɓen ƙarshe mai hana ruwa shiga. Ƙarfin rufin yana ga azara, lafiyar azara kuwa tana ga wannan ɗan siririn yaɓe na sama.

Bari mu ɗan yi lissafi, tun da an koya mana. A ce ɗaki yana da tsawon mita 4 da faɗin mita 3, watau murabba'in mita 12, kaurin ƙasar da ke kansa kuma santimita 15. Ƙasar nan a bushe nauyinta ya kusa tan 3, kusan nauyin buhun siminti 58 ke nan, duk a kan azara, mu kuwa muna ƙarƙashi muna barci. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce, lita ɗaya kuma kilo ɗaya ce. Saboda haka in an yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, lita 600 ce ta sauka a kan wannan ɗan ɗakin, duro uku cif. In indararo a buɗe yake, yaɓe kuma da lafiyarsa, kusan duk wannan ruwa zai zube ƙasa kafin gari ya waye. In kuwa ya sami abin da zai tsai da shi, sai ƙasar ta sha, nauyi ya ƙaru, ƙarfinta ya ragu a lokaci guda. Ruwan da ƙasar Sakkwato ke samu a shekara yakan kai milimita 600 zuwa 700, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma Agusta ta fi kowane wata samu. Ba yawansa ne ke kayar da ɗaki ba, zuwansa a jere ne, yau da gobe da jibi, ba tare da rufin ya sami rana ya bushe ba. Wannan shi ne abin da muke kira marka.

Gansakuka aikinta shi ne riƙe ruwa kamar soso. Inda ta lafe, wurin ba ya bushewa ko rana ta fito, yaɓe ya yi ta jiƙa har ya ruɓe. Tana kuma tare ƙura da ganye, ta shirya wa ciyawa gona. Ciyawa ita kuma tana huda yaɓen da saiwarta ta gangara cikin ƙasar rufin. Mutane da yawa sukan ce a bar ta, ai da kaka za ta bushe da kanta. Za ta bushe, amma saiwar da ta mutu takan ruɓe ta bar ƙofofi sirara kamar na allura, ɗaruruwa, baɗi kuma ruwa ta nan zai bi har ya isa zana da azara. Gara ma tana son busasshiyar saiwa, ta nan take samun hanya. Azara tana da taurin da gara ba ta cika cinta ba, amma zana da kara abincinta ne, kuma kan azarar da ke cikin bango in ya daɗe a jiƙe ruɓewa yake yi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ciyawa ce ke tsaga bangon.

Akwai wani dattijon magini a unguwarmu a Shagari, na tambaye shi me ya sa ɗaki kan faɗi da dare ba zato ba tsammani. Ya ce, "Ɗana, babu ɗakin da ka faɗuwa ba zato. Wanda kag gani ya faɗi yau, tun bara yaf fara, masu shi ne ba su hau sun duba ba." Na ce, "To Baba, sau nawa ya kamata a hau?" Ya ce bayan kowane babban ruwa.

Ga inda maganar ta shafe mu 'yan makarantar kwana. Babban hutunmu yakan faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da ciyawar ke tasowa, iyayenmu maza kuma suna gona tun safe. Mu ba mu da nauyin babban mutum, ga mu da ƙarfin hawa tsani. Kakata takan tsokane ni ranar da na sauka gida, ta ce, "Maigida, ka dawo da boko ka bar ɗakin matarka ya zama gona?" Wasa take yi, amma aikin namu ne.

Sai dai hawa soro yana da ƙa'ida. Kada a hau ranar da aka yi ruwa, a bari rana ta buga shi yini ɗaya ko biyu, har sama ta yi tauri amma ƙasa tana da ɗan danshin da zai saki saiwa. Mutum ɗaya ya hau, ba takalmi, wani ya riƙe masa tsani. Ya riƙa bin gefe-gefe inda bango ke ƙarƙashinsa, in zai shiga tsakiya ya shimfiɗa katako ya taka. Ya kuma kiyayi wurin da ya yi kore mai sheƙi, don santsinsa ya fi na sabulu. Kafin duk wannan, a aika yaro ya gaya wa maƙwabta za a hau bisa, domin mai tsaye a kan soro yana hangen tsakar gidan mutane, matan gida kuwa suna da hakkin su kintsa. Na ga an yi faɗa a kan wannan fiye da yadda aka yi a kan yoyo.

Ciyawar da ba ta wuce tsawon yatsa ba, a danne ƙasar gindinta da hannun hagu, a tuge ta a hankali da na dama, don kada ta taso da ɓawon yaɓe. Wadda ta riga ta girma kada a ja ta da ƙarfi, za ta fito da dunƙulen ƙasa ta bar rami. A yanke ta da wuƙa ko lauje daidai da rufin, a sa alama, da kaka a tono saiwar a cike wurin. Fartanya ba ta da aiki a kan soro ko kaɗan. Duk ramin da aka bari, komai ƙanƙantarsa, a cusa masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa irin ta rufin nan take, a buga da madaɓi ko tafin hannu har ya yi daidai da sauran. Gansakuka kuwa a bari ta ɗan bushe, a kankare ta da sakaina ko guntun katako mai faɗi, a share da tsintsiya mai tauri zuwa wajen indararo, a kwashe a kwando a sauko da ita. Kada a tara ta a kusurwa, wurin zai zama taki. In an kankare an ga wurin ya yi kwari, to dalilin fitowarta ke nan, ruwa na kwanciya a nan, sai a cike shi.

Daga nan sai indararo, wanda a ganina shi ne rabin aikin. A zura sanda a fitar da ganyen dogon yaro da leda da sheƙar tsuntsu da ƙwallon tsumma da ƙannenmu suka harba sama. A duba inda ya haɗu da bango, don nan ne ruwa ya fi sulalewa ya bi jikin ginin. In gajere ne a ƙara masa tsawo ya riƙa jefa ruwa nesa, a kuma jera duwatsu inda ruwan ke faɗuwa don kada fantsama ta cinye gindin bango.

Wasu yanzu sukan ɗauki abin feshin gona su hau soro da maganin kashe ciyawa. Ni ban ga hikimar wannan ba. Ciyawar za ta mutu, saiwarta tana nan ciki, ƙofofin da muka ambata suna nan. Ga shi kuma ruwan indararo ne iyayenmu mata ke tara a duro da randa, a yi wanka da wanki, awaki da kaji su sha. Gishiri ma da wasu ke barbaɗawa cuta ce, domin yana jawo danshi yana sa ƙasar gini ta yi gari, kamar yadda muke gani a gindin bangon da ake yawan fitsari.

Maganar hana su fitowa kuwa da bazara take farawa, a Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko. A share rufin tas, a cike tsaga, a sassabe reshen da ya yi wa soro rumfa, a sabunta yaɓe. Kakanninmu suna da abubuwa biyu da suke gamawa da su. Na farko makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa ta a kwaɓa ƙasa da ruwanta ko a yayyafa a kan daɓe, ta sa ya yi tauri ya yi duhu, ruwa ya riƙa zamewa a kai. Ita sai an riƙa sabuntawa. Na biyu laso, simintin Bahaushe. Ana haɗa shi da katsi, watau dattin gindin rijiyar marina da aka busar aka ƙona aka daka, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Gashin ne ke riƙe shi kada ya tsattsage, mu kuwa ƙasar jar akuya muke, ba mu rasa shi. Rufin da aka yi wa laso yakan yi shekaru ba ya yoyo, iri kuma ba ya samun wurin kamawa. Abin da ya sa ya yi wuya yanzu shi ne marinar gargajiya ta ragu, katsi sai an nema, maginan da suka iya haɗin kuma yawancinsu sun tsufa. Wanda ke da irin wannan dattijo a unguwarsu, ya kyautu ya tafi da littafi da alƙalami a wannan hutun ya rubuta ma'aunin daga bakinsa.

Kuskure biyu ake yawan yi wajen gyara. Wani kowace shekara sai ya ƙara ƙasa a kan ta bara ba ya rage komai, bayan shekara goma azarar da aka sa don tan 3 tana ɗauke da abin da ya fi haka nesa. Wani kuma ya shafe rufin ƙasa da siminti. Siminti da ƙasa ba su miƙewa tare in an yi zafi, sai simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita. Daga sama rufin lafiya lau, daga ciki kuwa taɓo.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin ƙasa da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne domin kowace shekara kafin damina mutanen gari, manya da yara, suna fitowa su yaɓe shi. Itatuwan da ke fitowa daga jikinsa, irin waɗanda ke jikin hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, matakala ce ta masu yaɓe. A Ingila kuwa, inda ake ruwa kusan duk shekara, gansakuka ce babbar abokiyar gabar rufin tayil. Tana riƙe ruwa, sanyi ya daskarar da shi ya zama ƙanƙara, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa cin wuri da kusan kashi 9 cikin 100, sai tayil ya fashe. Su sukan goge ta da buroshi daga sama zuwa ƙasa, don kada su ɗaga bakin tayil, sa'an nan su kafa siririn jan ƙarfe ko tutiya a ƙololuwar rufin. Ruwan da ya bi ta kan ƙarfen yakan ɗauki ɗan abin da ke kashe ta. Wannan ma yana cikin dalilan da ba mu cika ganinta a kan kwano ba, don tutiya aka shafa masa, ga kuma zafin da yake ɗauka.

Littattafan Turawa sukan ce gefen arewa na rufi shi ya fi yin gansakuka, don shi ne ba ya samun rana. A wurinsu haka ne. Mu muna wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana da tsaka tana ɗan arewa da mu ne. Saboda haka kada ɗalibi ya haddace wannan ya kawo mana gida. A nan abin dubawa shi ne inuwar itace, da kwarin da ruwa ke kwanciya, da bangon gabas, tun da daga gabas hadari ke taso mana.

Masu sababbin gidaje na tayil ko na kankare a birnin Sakkwato za su iya bin hanyar Turawan. In baƙin ya ƙi fita da buroshi, a haɗa ruwan wankin nan mai warin kulorin, irin su Hypo ko Jik, rabi da rabi da ruwa, a zuba, a jira minti 15 zuwa 20, a ɗauraye sosai, kada kuma a tari ruwan rufin sai an yi ruwan sama biyu ko uku. Ba a zuba shi a rufin ƙasa ko na ƙarfe. Akwai kuma tsohon rufin asbesto mai ruwan toka da ke kan wasu gine-ginen gwamnati na da. Shi ma yakan yi baƙi da kore, amma kada ɗalibi ya kankare shi ko ya hau kansa ko da ranar tsabtace makaranta ce. Ƙurarsa tana jawo mummunan ciwon huhu har da sankara bayan shekaru masu yawa, kuma yana karyewa a ƙarƙashin ƙafa ba gargaɗi.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na rufin babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, ya rufta ana sallar la'asar, mutane suka rasu, Allah Ya jiƙansu. A farkon Satumba 2024 tsohon masallacin Damagaram ya rushe bayan ruwa mai yawa. Ban ce ciyawa ce ta kayar da su ba. Ku dai dubi watannin, ku kuma tuna waɗannan aikin gwanaye ne, ba kamar ɗakunanmu ba.

Saboda haka bayan an sauko daga sama a shiga ciki a ɗaga kai. In an ga azara ta lanƙwasa a tsakiya, ko ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan a kan gado, ko tabon danshi da ke faɗaɗa kullum, ko hanyar gara a jikin zana, ko kuma ana jin ƙas-ƙas da dare bayan ruwa, to an wuce maganar cire ciyawa, kada kowa ya sake hawa. A gaya wa maigida nan take. A fitar da yara da tsofaffi tukuna, sa'an nan kaya. A tokare azarar da gwafa mai kauri, a sa katako a ƙarƙashin gwafar don kada ta nutse a daɓe. A koma zaure ko gidan 'yan'uwa da kwana har ruwa ya ɗauke a Oktoba, magini ya buɗe rufin ya canja azarar da ta ruɓe.